Saƙon da Ya Shiga Wayar Malam Yari

Ranar da Abdulrashid ya fara ganin Bushira, faɗa suka yi.

Kamfaninsu na Kaduna ne ya turo shi Zuru a 2008, ya kafa wa wani asibiti mai zaman kansa manhaja mai sassa huɗu: na yankar kati, na ɗakin gwaji, na magani, da wanda ke tura wa majinyaci saƙo a waya in sakamakonsa ya fito. Ita kuwa asibitin ne ya ɗauke ta don ta gwada kayan kafin a karɓa.

"A kwamfutata komai yana aiki," in ji shi, yana wani ɗaga kafaɗa.

"Kwamfutarka ce za ta duba marasa lafiya?" Ta nuna masa babbar na'urar da ke gurnani a kusurwa. "Ga saba can, inda sassan ke haɗuwa. Na ɗora su, katin da aka yanka bai kai ɗakin gwaji ba. Kowane sashe gwani ne shi kaɗai, an haɗa su sun zama kurame."

Ya so ya yi fushi, sai ya tsinci kansa yana kallon yadda take harara. Da za a tashi har da neman lambarta. Ta karanto masa ta mahaifinta, ba ta ko yi murmushi ba.

Shi kuwa bawan Allah, da zumuɗinsa, ya ƙirƙiri majinyaciyar ƙarya da za a riƙa gwaji da ita, ya sa mata suna Bushira Yari, ya manna lambar nan. Da ya kira daga baya ya ji muryar dattijo, ya kashe da sauri, amma bai tuna ya cire lambar ba. Wai shi ƙauna ke nan. Allah ya sawwaƙe.

Saba biyu ke ɗakin. Ta gwaji ba ta tura saƙo ko'ina, ta aiki kuwa tana haɗe da wayoyin mutane. Kowace safiya Bushira za ta saki gwajin haɗaka a kan ta gwaji, majinyaciyar ƙarya ta bi ta kowane sashe, inda ta maƙale a ga jan layi. Ta ga sunanta, ta yi tsaki, ta ƙyale. Suna faɗa yana gyarawa, har jan ya ragu, faɗan ma ya canja kama. Ta ba shi lambarta ta gaskiya.

"Masifaffiyata, yau layi ɗaya ne ja. Ko zan samu murmushi?"

"Ka gyara shi tukuna, Sarkin Gaggawa. Ka ci abinci kuwa?"

Magana ta kai gida. Mahaifinta Malam Yari, mai sayar da dawa a kasuwar Zuru, bai so ba. Ya fi son Lukuman, maƙwabcin rumfarsa, wanda ya daɗe yana zaryar neman aurenta. Amma mahaifiyarta Inna Adama ta lallashe shi, ya ce a turo manya.

Ana saura kwanaki a miƙa aiki, wutar sabar gwaji ta ƙone.

"Ka jira a gyara," in ji Bushira kafin ta fita. "Kada ka taɓa ta aiki."

Bai jira ba. Ya juya gwajin kan sabar aiki, yana zaton sashen saƙo a kashe yake. Komai ya fito kore, har yana tafa wa kansa.

A daidai lokacin wayar Malam Yari ta yi ƙara a kasuwa. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ya miƙa wa Lukuman. Shi kuwa ya karanta da ƙarfi, gaban masu awon dawa da 'yan dako:

"Bushira Yari, sakamakon gwajinki ya fito. Akwai juna biyu. Ki zo awo ranar Talata."

Kafin la'asar babu lungun da bai ji ba, har garin Manga labarin ya kai. Kuma wallahi mutane ba su da kirki, waɗanda ba su taɓa gaishe ta ba su ne suka fi rantsewa sun ga alama.

"Baba, ƙarya ce! Gwaji ne na kwamfuta," in ji Bushira da ya dawo gida.

"Asibiti ya turo, da sunanki, da nawa suna! Mi kike son in ce ma mutane? Injin yana da gaba da ke ne?" Ya nuna ta da yatsa. "Yaron nan kada in sake jin sunanshi cikin gidan ga. Aikin ma kin bar shi."

Ta shiga ɗaki. Saƙon Abdulrashid ya shigo:

"Hasken idona, don Allah ki saurare ni. Kuskure ne."

Ta mayar masa:

"Na ce kada ka taɓa, ka taɓa. Kai ka samu kore, ni na rasa sunana a garin ubana. Kada ka sake ce min hasken komai."

Ya zo ƙofar gida, Malam Yari ya kore shi da sanda. Lukuman kuma ya aiko wai shi zai rufa asiri ya aure ta a haka. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Rufa wane asiri?

Da safe Abdulrashid ya shiga ofishin Madam Agnes, shugabar ma'aikatan jinya, ya faɗa mata komai.

"Ka san in na sanar da kamfaninku sun cire ka?"

"Na sani, Madam. A cire ni. Alfarma ɗaya nake roƙo, ki bar ni in sake kuskuren nan sau ɗaya, da gangan."

Madam Agnes ta zage shi tas, da Hausa da Turanci, sannan ta yarda. Ita da kanta ta je ta fito da Bushira, suka nufi kasuwa lokacin da ta fi cika. Bushira ta durƙusa gaban rumfar mahaifinta, idonta jajur.

"Baba, ka riƙe wayarka. In saƙo ya shigo, ka ba wanda ya karanta na farko."

Ta yi wa Abdulrashid filashin. Wayar ta yi ƙara. Lukuman ya karɓa yana yaƙe, ya fara da ƙarfi:

"Lukuman Ladan, sakamakon gwajinki ya fito. Akwai ju..."

Ya tsaya.

"Ƙarasa mana!" Bushira ta daka masa tsawa. "Nawa ka ƙarasa ai. Ranar Talata za ka zo awo, ko mu zo mu ɗauke ka?"

Kasuwa ta kece da dariya, har wani ɗan dako ya saki buhu. Madam Agnes ta ɗaga murya ta ce yarinyar nan ba ta taɓa yin gwajin komai a asibitinsu ba, duk sunan da aka ba injin shi zai kira. Malam Yari bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon 'yarsa.

"Tashi, ɗiyata. Na zalunce ki. Na yarda da ƙarfe na bar jinina."

Nan ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar.

Kamfani ya cire Abdulrashid, Bushira ce ta ƙarasa gwajin da wanda aka turo. Bai koma Kaduna ba. Ya buɗe ɗan shagon gyaran kwamfuta, yana turo saƙo tana sharewa, har damina ta wuce. Rannan ta tsaya a ƙofar shagonsa.

"Har yanzu ina jin haushinka."

"Na cancanta."

"Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Da aka cire ka, na rasa wanda zan yi wa faɗa." Ta kawar da kai. "Ka turo manyanka. Kuma in na ce jira, ka jira."

"Ko shekara goma ce, Masifaffiyata."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam Yari ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya ƙara da cewa a cire lambarsa daga injin nan tun kafin a watse.

Da shekara ta zagayo, sakamako na gaskiya ya fito. Bushira ba ta bari wata waya ta riga ta ba. Ta je gida da ƙafarta ta raɗa wa Inna Adama, Inna ta leƙa zaure ta faɗa wa Malam.

"Injin ya ce, ko ita ta ce?"

"Ita ta ce."

"To Alhamdulillahi," in ji shi, yana share ido da bakin rawani.