Motar Kawu Marar Taya

Kwana tara ke nan da hatsarin. A ranar, Baba ya ɗauko Auta daga makaranta. Taya ta fashe, motar ta wuntsila cikin rami. Auta ta tsira da ɗan ƙwarzane a goshi. Baba kuwa ya karye a ƙafa, aka kwantar da shi a asibiti.

Goshin ya warke, amma tsoro bai bar yarinyar nan ba. Ko murfin tukunya ne ya faɗi, sai ta zabura. In ta rufe ido, sai ta ji ƙarar fashewar gilashi. Ba ta gaya wa kowa ba.

Kullum da yamma Mama takan tari tasi ta kai wa Baba abinci.

"Auta, sa takalminki mu je ki gai da Babanki."

"Cikina yana ciwo, Mama."

Yau ciki, gobe kai, jibi aikin makaranta. Duk ƙarya ce. Tana son ganin Baba kamar me. Motar ce ba ta iya shiga.

Ran nan Mama ta dawo da kwanon abinci yadda ta tafi da shi.

"Baba bai ci ba?" in ji Auta.

Mama ta zauna a bakin gado. "Bai ci ba. Ya ce tunda kin ƙi zuwa, mummunan rauni kika ji muke ɓoye masa. Muryarki a waya ba ta ishe shi ba. Likita ya ce in ba ya ci, ƙashin ba zai haɗe da wuri ba."

Sai a lokacin Auta ta gane. Ashe ƙaryarta ce ta hana Baba cin abinci. Sai ta fashe da kuka.

"Mama, cikina ba ya ciwo. Tsoron mota nake ji."

Mama ta rungume ta. "Haba 'yar nan, shi ne kika bar abin a ranki ke kaɗai? Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibiya."

Da safe suka taka a ƙafa zuwa garejin Kawu, yayan Mama, wanda makanike ne. Ya saurari labarin yana goge baƙin mai a hannunsa. Sannan ya nuna wata tsohuwar mota da aka ɗora a kan duwatsu. Ba taya, ba inji.

"Shiga wannan, Auta. Ko da bulala ba za ta motsa ba. Kaza ce ma direbanta."

Da gaske kuwa, ga kaza kwance a kujerar gaba. Auta ta yi ɗan murmushi. Ta shiga baya.

"Bar ƙofar a buɗe," in ji Kawu. "Ja numfashi a hankali, ki ƙirga biyar, ki sake shi. In ya yi miki yawa, ki fito."

Sau biyu tana fitowa, sau biyu tana komawa. Can da rana ta rufe ƙofar da kanta.

Da yamma Kawu ya kawo motarsa mai tafiya. Auta ta ɗaura bel, ta riƙe hannun Mama gam. Tsoron yana nan, amma ta zauna. Kawu ya yi ta tuƙi a hankali, har mai keke ya wuce su.

A asibiti Baba ya rame ƙwarai. Ya shafa goshinta, ya duba hannayenta ɗaya bayan ɗaya. Hawaye ya zubo masa.

"Baba, ka yafe mini. Tsoro ne ya hana ni zuwa, na yi ƙarya."

"Na yafe, Autata. Ni ma tsoron nake ji har yanzu. Da kin faɗa, da mun ji shi tare." Ya juya wajen Mama. "Miƙo mini kwanon nan, yunwa nake ji."

Ya cinye tas, Auta tana riƙe masa kofin ruwa.

Tun daga ranar ta gane cewa jin tsoro ba abin kunya ba ne. Ɓoye shi da ƙarya ne yake cutar da mutum da masu ƙaunarsa. In abu ya dame ka, ka gaya wa iyayenka, za su taimake ka.