Akwatin da Ya Ƙi Buɗewa

Kwana da kwanaki ina fama da fom ɗin rajistar magina 'yan Nijar a wata siba, shagon intanet da ke unguwar Gataa El Oued, inda suke ci-rani. Shugaban ƙungiyarsu ya nace sai kowane gurbi ya sami ɗan akwatin bayani, mai buɗewa idan kibiyar linzamin kwamfuta ta tsaya a kansa. Duk sun buɗe, ban da na gurbin wanda za a sanar idan hatsari ya faru.

Bayan isha'i na zare linzamin ina kakkaɓe masa rairayi, sai na ji warin ɗanyen siminti. Wani mutum yana tsaye a bayana, ban ji shigowarsa ba.

"Malam Zakiyyu, wannan ne ya ƙi?" Muryarsa kamar ana jan shebur a kan tsakuwa.

"Shi ne, yaya. Amma mun tashi."

Ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar. Akwatin ya buɗe. Na dubi hannuna, wayar linzamin tana lilo, ba ta haɗe da komai. Kuma abin da ke cikin akwatin ba ni na rubuta ba: "Rakiya, Maradi. Ba a sanar da ita ba."

"Rubuta mata," ya ce. "Har yanzu tana zuba mini tuwo."

Na ɗaga kai. Duk kalmar da ya faɗa, siminti ne ke gangarowa daga bakinsa.