Igiyar Amarualik

Sunan kakana Qaunaq aka raɗa mini, domin ya rasu kafin a haife ni. Kakata ba ta taɓa kirana jika ba. "Maigidana" take ce mini, kuma ba da wasa take faɗa ba.

Da na dawo hutu daga jami'a, a watannin da rana ba ta fitowa a garinmu na can ƙarshen arewacin duniya, ita ta ɗaure mini takalman fata da hannunta, ta kwatanta mini inda kifi yake a ƙarƙashin ƙanƙarar teku.

Tsakar rana ce, amma ga taurari. Ina fasa rami a ƙanƙarar sai karnukan da na zo da su suka kwanta suka ɓoye kawunansu. Wani mutum na tsaye a bayana. Ruwa na ɗiga daga rigarsa, a sanyin da ke daskarar da miyau, kuma babu tururi a bakinsa.

"Qaunaq, abokin farauta, ka yi ƙiba," in ji shi. "Har yanzu da hagu kake riƙe wuƙa?"

"Baba, ban san ka ba."

"Haba! Amarualik ne fa. Ranar da ƙanƙara ta tsage da ni, muna ɗaure da igiya ɗaya, ai ka san ni."

Ya ɗago guntun igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa. Ba tsinkewa ta yi ba, yankan wuƙa ne sumul.

"Kakana ne, ba ni ba!"

"Shekara arba'in ina ƙwanƙwasa wa matarka taga," ya ce a hankali, yana miƙo mini bakin igiyar. "Jiya ta roƙe ni in ƙyale ta, ta ce yau za ta turo ka wurina."