Uban da Aka Binne a Littafi

Donka na zaune a kicin, tabarau a ƙarshen hanci, littafi a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma sai share hawaye take yi. Ƙullun banitsa, gurasar cuku da ƙwai, da ta murza tun ɗazu yana kan tebur, har gefensa ya fara bushewa.

"Mamo, ƙullun nan fa zai zama fata," in ji 'yarta Bisera, wadda ta shigo tana karkaɗe ƙanƙara daga kafaɗarta.

"Ya zama takalmi ma! Ki bar ni, na iso wurin da tsohon ke mutuwa."

"Karo na nawa ke nan kike binne shi?"

"Ina ruwanki? Ke dai ki gode wa Allah. Yaron da ya rubuta wannan ba zai taɓa sa mace kuka ba, sai dai irin wannan kukan."

Littafin na Zahari ne, malamin sakandare a nan Troyan, wanda aka sa ranar aurensa da Bisera bayan Ista, tun da ba a ɗaura aure cikin babban azumi. Labarin wani mashayi ne da ya kori matarsa da ɗansa cikin tsananin sanyi. Yaron ya girma da ƙiyayya, daga ƙarshe ya dawo ya tarar da uban a gadon mutuwa, ya riƙe hannunsa ya yafe masa. Duk garin an ɗauka tarihin Zahari ne aka canja wa suna, shi kuwa bai taɓa cewa e ko a'a ba. Donka ta riƙe shi maraya, kullum sai ta ƙara masa nama a kwano.

Bisera ce kaɗai ta san abin da ba ya cikin littafin. Ya gaya mata, ya kuma roƙe ta ta rufe. Shi ya sa duk lokacin da uwarta ta fara yabo, sai ta sunkuyar da kai ta nemi wani aiki.

Ran Alhamis da yamma aka gayyaci Zahari ɗakin karatu na gari don ya gana da masu karatu. Kujeru suka kasa, wasu na tsaye jikin bango da kwat ɗinsu a hannu. Donka ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta zauna a sahun gaba, kowa ya zo wucewa sai ta ce masa, "Surukina ne."

Wani direban bas ya miƙe, yana juya hula a hannu.

"Malam, ni ba ma'abocin littafi ba ne, matata ce ta tilasta mini. Amma da na gama, sai na ɗauki waya na kira wana da muka yi shekaru ba ma magana. Ya zage ni tas, sannan ya ce in zo Lahadi."

Aka yi dariya, aka tafa. Wata ɗaliba ta ce ta karanta wa kakarta, sun yi kuka tare. Zahari na ta godiya, yana ɗan murmushi.

Can sai wata tsohuwa ta taso daga baya tana dogara sanda. Gwaggo Dafina ce, daga ƙauyen da ke saman dutse.

"Zaharina, ba ka gane ni ba ko? Ni ce maƙwabciyarku mai awaki. Jikata ya karanta mini, na kuwa je na shirya da ƙanwata, Allah ya yi maka albarka. Sai dai abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Yaushe ka zo kuka shirya da ubanka Minko, ni ban ga wucewarka ba? Kuma me ya sa ka kashe shi, bawan Allah? Jiya jiyan nan na gan shi yana faskare!"

Ɗakin ya yi tsit. Tsohuwar ta waiga hagu da dama, ba ta san me ta faɗa ba. Donka ta miƙe a hankali, ta sa littafin a jaka, ta fita ba ta kalli kowa ba.

A gida ta sa su gaba, ko kujera ba ta ba Zahari ba.

"Ubanka na da rai?"

"Yana da rai, Gwaggo Donka."

"Ke kuma kin sani?"

"Na sani, Mamo," in ji Bisera, hawaye na zuba.

"Madalla! Ni ce sakarai a gidan. To wa za ka turo neman aure? Wa zai zauna a gaban tebur ɗina ya ce yana son 'yata wa ɗansa?"

"Shugaban makarantarmu ya ce zai tsaya mini."

"Shugaban makaranta! Shi ya haife ka?"

Zahari ya ɗago, fuskarsa ta canja.

"Kin karanta abin da ya yi mana. Ban ƙara komai ba, ragewa ma na yi. Da ƙafa muka sauko daga dutsen nan ni da mahaifiyata, ƙanƙara har gwiwa. Ta ƙare rayuwarta tana goge benen mutane a babban birni, Sofiya. Da ta rasu an aika masa, bai zo ba. An ce ya bar giya yanzu, ya koma ginin tukwanensa. To ya bari! Ko sau ɗaya ya taɓa taka ƙafa ya ce mini ya yi kuskure?"

Donka ta sassauta murya.

"Ban ce bai yi laifi ba, ɗana. Wanda ya yi wannan, da Allah zai yi magana. Amma kai ka tara gari guda ka koya musu yafiya, suka tafi suka yi, kai kuwa ko taku ɗaya ba ka yi ba. 'Yata mutum ce, wata rana za ta ɓata maka. Ran nan me za ka yi? Ka rubuta kyakkyawan littafi a kanta, ka daina gaishe ta?"

"Haba, Mamo!"

"Rufe mini baki. Gata Lahadin Yafiya ce, ranar da ake neman gafarar manya kafin azumi. Ka ɗauki lemo da farar alewa kamar kowane ɗa, ka je ka sumbaci hannun ubanka ka nemi gafara. Shi zai zo neman aure, ko kuwa ba auren."

"Ni zan nemi gafararsa?" Zahari ya dafa ƙirji. "Ni? Me na yi masa?"

"Ƙarami ke zuwa wurin babba. Ba ni na kafa ba."

"To wanda ya kafa bai san ubana ba."

Ya juya ya fita. Bisera ta bi shi har bakin ƙofa ba kwat a jikinta. Ya kama hannayenta.

"Mu tafi Sofiya, Bisera. Rajistar aure kawai za mu yi, shaidu biyu, shi ke nan. Na samu aiki a can in ina so."

"In bar ta ita kaɗai da kunya a garin nan?"

"To ke ma kina bayanta?"

"Ina bayanka, shi ya sa. Na rufa maka asiri har na yi wa uwata ƙarya da shiruna. Zahari, kai ba ka san kana kiran sunansa ba in ka yi gyangyaɗi a kujera? Ni ma na yi kuka a kan littafin nan, amma ba littafin zan aura ba. Zan jira ka. In shekara ce, in goma ce, ba zan kalli wani ba. Sofiya dai ba ni zuwa."

Ya saki hannunta ya tafi.

Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce, bai kira ba. Bisera ba ta ce wa uwarta uffan ba. Ta yi shara, ta fasa ƙwai, ta yanka cuku, tana yi tana goge ido da bayan hannu. Donka na kallonta ta gefen ido, ita ma abinci ya ƙi shiga, amma ba ta janye maganarta ba.

Ran Lahadi bayan an fito daga coci, Bisera ta durƙusa ta sumbaci hannun uwarta.

"Ki yafe mini, Mamo."

"An yafe miki. Ni ma ki yafe mini, 'yata."

Suna tsaye haka aka yi hon a waje. Zahari ne cikin tsohuwar motarsa, idanunsa sun yi ja, ga ledar lemo a kujerar baya.

"Ba don shi zan je ba," ya ce wa Donka ta taga. "Don ita ne. Kuma bakina kawai zai faɗa."

"Bakin ya faɗa tukuna," in ji Donka. "Ka san amsar da ake bayarwa: an yafe, ni ma ka yafe mini. Tsoho wuyansa ya ƙage, ba ya iya farawa. Shi ya sa aka ɗora wa yaro, don in ya fara, dole babba ya mayar. Ku tafi, rana na yi."

Hanyar dutsen duk laka ce da narkakkiyar ƙanƙara. Gidan ya tsufa, rufin ya lotsa, tukwane da kwanoni na jere a ƙarƙashin rumfa. Bisera ta ce za ta tsaya a ƙofa, Zahari ya ce a'a, ta shigo.

Minko na zaune kusa da murhu, ya yi aski, ya sa farar riga mai tsabta. A kan tebur akwai dafaffen ƙwai da burodi, da kwano biyu. Da ya ga wanda ya shigo sai ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi.

Zahari ya ajiye ledar. Mutumin da yake tsoro tun yana yaro ƙato ne mai murya kamar aradu. Wannan kuwa ɗan tsoho ne, wuyan rigar ma ya yi masa yawa.

"Baƙo kake jira?" ya tambaya, yana nuna kwano na biyu.

"Kowace shekara nakan ajiye," in ji Minko. "Da yamma in mayar."

"Da ka sauko da kanka."

"Na sha zuwa har ƙofar makarantarku. Da wace fuska zan shiga?"

Zahari ya kalli Bisera. Ta gyaɗa masa kai. Ya matsa, ya sunkuya, ya kama hannun nan da ya san nauyinsa, mai kaushi, da yumɓu a ƙarƙashin farce. Ya kai bakinsa.

"Ka yafe mini, Tate."

Rabonsa da kiran wani uba tun yana ɗan firamare. Tsohon ya buɗe baki, amsar da kowane yaro a ƙasar ya haddace ta gagare shi.

"An yafe... me zan yafe maka? An yafe. Kai ka..." Sai ya zame daga kujera ya faɗi kan gwiwoyinsa, ya rungume ƙafafun ɗansa. "Kai ka yafe mini! Na kashe uwarka da baƙin ciki. Ranar jana'izarta ina kwance a kwata, ban san inda kaina yake ba. Ka yafe mini, Zahari, ko ba duka ba!"

"Tashi, Tate. Tashi mana, ƙasa da sanyi!"

Ya ɗaga shi, ya ji ba nauyi ko kaɗan. A nan kukan da ya riƙe tun yarinta ya ƙwace masa. Bisera ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

Da aka natsa, ta ɓare lemo ta raba uku. Minko ya ci ɓari ɗaya, ya dubi ɗansa a ɗarare.

"Dafina ta ce ka kashe ni a littafi."

"Na kashe ka."

"To... ka binne ni da kyau dai?"

"Kusa da Mama."

Tsohon ya ajiye sauran lemon.

"Ka yi mini abin da ban cancanta ba," ya ce.

"Ban gama hucewa ba, Tate. Kada in yi maka ƙarya."

"Na sani. Ka dai riƙa zuwa, ko zagina za ka yi." Ya juya ga Bisera. "Wannan 'yar wa ce, mai haƙurin zama da mu?"

"'Yar Donka ce, ta unguwar gada. In kana da kwat mai kyau, akwai inda za ka je mini."

Mako guda bayan nan Minko ya sauko gari cikin kwat ɗin aro, da babban kwano da ya gina da hannunsa. Ya tsaya a ƙofar Donka hula a hannu, ya ce ya zo roƙon 'yarta wa ɗansa. Donka ta dube shi sama da ƙasa.

"Ga mamaci da kyan gani," ta ce. "Shigo, Minko, miyar wake ce kawai, azumi ake."

Bayan Ista aka ɗaura aure. Tsohon ya zauna a inda uban ango ke zama, da kofin ruwa a gabansa har aka tashi.

Yafiya tana da daɗin ji a labari, mai karatu ya yi kuka ya rufe littafi. Ta gaske kuwa sai an taka da ƙafa an je, sau da yawa kafin zuciya ta yarda, kuma wanda aka cuta ne yakan fara. Bisera ba ta guje wa uwarta ba, ba ta kuma saki masoyinta ba. Ta yi haƙuri a tsakaninsu, ta samu miji da ya san hanyar zuwa ba da haƙuri.