Bel Ɗin Kaka Da Bakin Aku

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ake kira Aku. Kakarta ce ta laƙaba mata sunan. Duk abin da kunnenta ya ji, bakinta sai ya maimaita.

Ta iya kwaikwayon tarin malamin lissafi. Ta iya kukan ƙofar banɗaki. Ta iya ƙarar wayar Baba. Sau da yawa Baba zai yi ta laluben aljihu, alhali wayar tana kan tebur ba ta ce uffan ba.

Aku da Kaka ƙawaye ne. Kowace Asabar Kaka tana zama a kan tabarma, Aku ta ɗora kai a cinyarta, a yi kitso. Kaka ce kaɗai ta iya kan Aku. Hannunta ba zafi. Idan Mama ta kama kan, maƙwabta ma sai sun ji.

Baba yana da wata tsohuwar mota ja. Yana kuma da doka guda. Ba ya tada mota sai kowa ya ɗaura bel. Ba ya waiwayawa ya duba. Saurare yake yi. Idan ƙarfen bel ya shiga gidansa, yakan ce ƙas. Baba sai ya ƙirga.

"Mu nawa ne a motar nan?" zai tambaya. "To, ƙas nawa na ji?"

Kaka ba ta son bel ko kaɗan. Gajeriya ce. Idan ta zauna a gaba, bel ɗin ta kan wuyanta yake bi, ya yi ta gogar ta har wurin ya yi ja.

Wata rana ta raɗa wa Aku, "Ƙawata, abin nan yanka ni yake kamar zarto."

"To ki gaya wa Baba mana."

"Babanki? Zai fara yi mini lacca. Ni na goya shi, yanzu shi yake ɗaure ni kamar buhun gawayi."

Aku ta yi dariya. Sai wata dabara ta faɗo mata.

"Kaka, ki jawo bel ɗin, ki riƙe shi da hannu a ƙarƙashin mayafi. Kada ki sa ƙarfen. Ki bar mini sauran."

Washegari za su kai Kaka kasuwa. Baba ya ɗaura nasa, ƙas. Aku a baya ta ɗaura nata, ƙas. Kaka ta jawo bel, ta sassauta shi daga wuya, ta ɓoye ƙarfen a cikin mayafi. Aku ta sunkuya bayan kujerar Kaka, ta murɗa harshe.

Ƙas.

"Yauwa, uku cif," in ji Baba. "Yau Inna ba gardama." Ya tada mota.

Kaka ta toshe baki da gefen mayafi. Kafaɗunta suna rawa don dariya. Aku kuwa ji ta yi kamar ta ci jarrabawa. Tun daga ranar, duk fitar da za a yi, bakin Aku ne bel ɗin Kaka.

Wata Asabar da safe suka fita sayo zare da man kitso. Baba ba ya gudu. Yana ba su labarin wani abokin aikinsa. A gabansu akwai wani mai keke da ya ɗauko katifa a kansa. Iska ta kaɗa. Katifar ta zame, mai keken ya bi ta, suka zube a tsakiyar titi.

Baba ya taka burki da ƙarfi.

Bel ɗin Aku ya riƙe ta gam. Na Baba ma ya riƙe shi. Kaka kuwa ta tafi gaba. Ta kai hannu don ta kare kanta. Hannun ya daki gaban mota, goshinta ya biyo baya. Tabaronta ya faɗi ya rabu biyu.

Motar ta tsaya dab da katifar. Mai keke ya tashi yana kakkaɓe wando, ko ƙwarzane bai yi ba.

"Inna! Inna, kina ji na?" in ji Baba.

"Ina jin ka, ba kurma ba ce ni," in ji Kaka. Ta riƙe wuyan hannunta na dama. Nan da nan ya fara kumbura.

Yau bakin Aku ya mutu.

A asibiti aka ɗauki hoton hannun. Likita ta ɗaga hoton ta duba.

"Kin yi sa'a, Hajiya. Babu karaya, targaɗe ne. Amma sai kin huta da hannun. In kin yi masa garaje, zai daɗe yana damun ki." Ta juya wurin Baba. "Ba ta ɗaura bel ba ne?"

"Ta ɗaura," in ji Baba. "Da kunnena na ji."

Likita ta dubi Kaka. Kaka ta dubi silin.

Da suka koma gida, Baba bai shiga ɗaki ba. Ya zauna a kujerar Kaka a cikin mota. Ya sa ƙarfen bel, ya fizga. Bai fita ba. Ya cire, ya sake sawa, ya sake fizga. Aku tana leƙensa ta taga.

Mama ta fito. "Ka zo ka ci abinci mana."

"Ba zan iya ba," in ji Baba. "Ni na ɗauko mahaifiyata a motar da bel ɗinta yake kwancewa. Laifina ne. Da na kai an duba."

Aku ta ruga ɗakin Kaka. Ta same ta kwance, hannu a naɗe da bandeji, goshi da ƙulu.

"Kaka, Baba yana cewa laifinsa ne."

"Na ji shi."

"Hannunki zai warke?"

"In Allah ya yarda. Amma yau babu kitso, ƙawata." Kaka ta gyara kwanciya. "Ni ba zan tona ki ba. Ni ce babba, ni na yarda. Amma dubi ɗana a can. Ko ruwa bai sha ba."

Aku ta fita a hankali. Ta tsaya a bakin ƙofar mota.

"Baba."

"Na'am. Je ki ciki, ina zuwa."

"Baba, ka rufe ido."

"Ba lokacin wasa ba ne yanzu."

"Don Allah."

Baba ya rufe ido. Aku ta murɗa harshe.

Ƙas.

Baba ya buɗe ido. Ya dubi ƙarfen bel. Yana nan a hannunsa, bai shiga ko'ina ba. Ya dubi Aku. Ya daɗe yana kallon ta.

"Tun yaushe?"

"An daɗe," in ji Aku. Hawaye suka zubo. "Bel ɗin lafiyarsa ƙalau. Yana yanka wa Kaka wuya ne. Ni kuma na ga kamar taimakon ta nake yi."

"Yana yanka mata wuya?" Baba ya ajiye ƙarfen. "Me ya hana ku gaya mini?"

"Ka taɓa tambaya?" Kaka ce. Ta fito tana tsaye a bayansu, Mama na riƙe da ita. "Kai dai ƙirga ka iya, kamar mai sayar da ƙwai."

Baba ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Inna. Na yi ta saurare, ban duba ba." Sai ya juya wurin Aku. "Ke kuma kin yi kuskure babba. Kin ruɗe ni a kan abin da ya shafi rai. Da gudu nake yi, da ba targaɗe muke magana ba yanzu. Kin gane?"

"Na gane, Baba. Ka yi haƙuri. Kaka, ki yafe mini."

"Na yafe. Ni ma a yafe mini," in ji Kaka.

Baba ya tashi daga kujerar. "Inna, zo ki zauna. Ke kuma matso ki gani."

A jikin ginshiƙin mota, daidai inda bel yake fitowa, akwai wani ɗan maɓalli. Aku ba ta taɓa lura da shi ba. Yana can sama, tun lokacin da wani kawun Aku, dogon mutum, ya zauna a wurin. Baba ya danna shi, ya sauke shi ƙasa. Bel ɗin ya bar wuyan Kaka. Ya kwanta a tsakiyar kafaɗarta, ya ratsa ƙirji.

"Haka ake so," in ji Baba. "Ba a wuya ba. Ba a ƙarƙashin hammata ba. Ba kuma a bayan mutum ba. Wannan na ƙasan kuma a kan ƙashin ƙugu yake zama, ba a kan ciki ba. A duba kada ya murɗe. Sannan a ja shi ya kama jiki."

Kaka ta juya wuya dama, ta juya hagu. "To, ashe abin yana da ladabi. Duk wahalar nan a kan ɗan maɓalli?"

Hukuncin Aku bai yi wuyar samuwa ba. Har hannun Kaka ya warke, ita ce hannun Kaka. Ita ke ɗebo mata ruwa, ita ke ɗaura mata ɗankwali, ita ke ninke mata kaya. Kitso kuwa ya koma hannun Mama. Maƙwabta sun sha jin kuka. A makaranta ƙawayenta suka ce layin kanta ya yi kama da hanyar tururuwa. Aku ba ta kwaikwayi kowa ba a makon nan.

A hankali kumburin ya sace. Ranar da aka je cire bandeji, Aku ce ta buɗe wa Kaka ƙofar mota. Ta jawo bel. Ta duba kafaɗa, ta duba ƙugu, ta warware inda ya murɗe. Sannan ta tura ƙarfen.

Ƙas.

Baba ya ɗaga gira. "Wannan na bel ne ko na baki?"

Kaka ta yaye mayafi, ta fizgi bel ɗin da hannun hagu. "Duba da idonka, mai ƙirga."

Aku ta koma baya ta ɗaura nata. Ta gyara murya, ta yi irin ta Baba sak. "Mu nawa ne a motar nan? To, ƙas nawa na gani?"

Baba ya yi dariya har da buga sitiyari.

Likita ta ce hannu ya warke sarai. A ranar Kaka ta shimfiɗa tabarma. Aku ta ɗora kai a cinyarta. Yatsun Kaka suka shiga gashinta a hankali, ba zafi.

"Ƙawata, me kika koya?" in ji Kaka.

"Bel ba na yara kaɗai ba ne, babba ma sai ya ɗaura shi daidai. In yana damun mutum, a faɗa a gyara, ba a yi dabara ba."

"Sai me kuma?"

"Bakina ya iya ƙarar bel, amma bai iya riƙe ki ba."

"Yauwa," in ji Kaka. "To daina motsi, kada layin nan ya karkace."