Kyaftin Wanjira da Mai Walda

Wata Litinin da hantsi Okoth yana durƙushe a gaban rumfarsa a unguwar Kamukunji ta birnin Nairobi yana waldar ƙafar gado, sai ya ga fararen takalma sun tsaya daidai inda tartsatsin wuta ke zuba.

"Matsa baya, 'yar'uwa, kar ki ƙone," ya faɗa bai ɗago ba.

"Kai ne Okoth? An ce in dai ƙarfe ne, babu wanda ya fi ƙarfinka."

Ya ture gilashin waldar sama. Budurwa ce siririya mai tabarau mai kauri, ta rungume wata nannaɗaɗɗiyar takarda kamar mai tsoron a ƙwace mata.

"Sunana Wanjira. Jirgin sama nake so ka ƙera min."

Maƙwabcinsa mai ƙera murhu ya tuntsire da dariya. "Okoth, yau kakarka ta yanke saƙa! In ka gama nata, ni ma a yi min na zuwa Kisumu."

Ko a jikinta. Ta shimfiɗa takardar a kan benci. Zanen kujera ne, da ƙarfen da zai riƙe sikirin uku, da wurin sitiyari, da feda biyu a ƙasa.

"Akwai sabon gem na tuƙin jirgi da zai fito a kwamfuta," ta ce, idanunta na walƙiya. "Saura kwana arba'in! Duniya ce sukutum a ciki, tsaunuka, tafkuna, har rufin gidaje. In ana ruwa a Nairobi, a cikinsa ma ana ruwa. Shekara biyu muna jiransa. Ni ba zan tarbe shi a kan kujerar roba ba."

Okoth bai fahimci ko rabi ba. Shi dai ya lura in tana magana har ɗage take yi.

"Zan ƙera," ya ce. "Amma fa sai kin riƙa zuwa ana gwaji, Kyaftin. Ban taɓa ɗinka wa jirgi riga ba."

Ta yi dariya, ta ba shi lambarta.

Gwajin da ya kamata a yi sau biyu sai da aka yi shi sau tara. Wanjira malamar labarin ƙasa ce a wata sakandare. Tana tashi daga makaranta sai ta shiga motar haya da suke kira matatu ta sauka Kamukunji, su zauna a benci da shayi da gurasar chapati, tana nuna masa guntayen bidiyon tallar gem ɗin a waya. Duk wanda aka saki sai ta kalle shi sau goma.

"Dubi gajimaren nan! Dubi inuwarsa a kan ruwa!"

"Na gani."

"Ƙarya kake, ni kake kallo."

"To ai nan ma akwai abin gani, Jaber."

"Mene ne kuma Jaber?"

"A wajenmu, a bakin tafki, haka ake kiran kyakkyawa."

Ta sunkuyar da kai tana gyara tabarau ba gaira ba dalili.

A kan bencin nan ta ba shi labarinta. Gidansu yana unguwar Embakasi, inda jirage ke bi ta kan rufi su sauka. Mahaifinta, dattijon da ake kira Mzee Kinuthia, shekara talatin ya yi yana kanikancin jirgi. Tun tana 'yar shekara shida take gane jirgi da ƙararsa kawai. Ta ci duk jarrabawar shiga makarantar tuƙin jirgi, likitan ido ya kayar da ita.

"Wata uku ban ɗaga kai na kalli sama ba," ta ce. "Sai wata ƙawata ta nuna min irin wannan gem ɗin. Ranar na sake yin dariya."

Washegari Okoth ya warware fedar da ya riga ya gama, ya soma sabuwa, wadda za ta riƙa turo ƙafa kamar ta gaske.

Kowace safiya saƙonta ne ke tashinsa.

"Saura kwana 26, Injiniyana! Sun ce har tsibiran tafkinku suna ciki. Ka karya kuwa?"

Shi kuma ya mayar: "Na karya da saƙonki, Jaber. Kujerarki ta samu ƙafafu huɗu. Ni ne dai har yanzu ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba tun ranar da kika zo."

Magana ba ta ɓuya. Ranar Lahadi bayan an dawo daga coci, Mzee Kinuthia ya ajiye cokali ya dubi 'yarsa.

"An ce kullum kina Kamukunji."

"Aiki ake min, Baba."

"Na ji irin aikin. Shekara talatin ina ɗaure noti a jikin jirgin gaske, 'yata ta rasa wanda za ta kawo min sai mai liƙin gado? Kuma daga bakin tafki? Yarensu daban, al'adarsu daban. Wa zan zauna da shi in yi maganar aure?"

"Baba, ba ka ma gan shi ba."

"Ba sai na gani ba. Ga Muriuki, ɗan abokina, bana zai gama makarantar tuƙi. Ya ce ranar Asabar zai ɗauke ki a ƙaramin jirgi ku zaga. Na riga na amsa masa."

Mahaifiyarta ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, alamar ta yi shiru.

Wanjira ta je. Ƙarya ce a ce ba ta ji daɗi ba da tayoyin suka rabu da ƙasa, har da ƙwalla ta yi. Amma da ta miƙa hannu a hankali wajen sitiyarin gefenta, Muriuki ya buge mata yatsu yana dariya.

"A'a, Malama. Wannan ba wasan yaran nan naku na kwamfuta ba ne. Ke dai zauna ki yi kyau."

Ta janye hannunta, ta juya fuska wajen taga har suka sauka. Shi kuwa ya ɗauke su hoto a gindin jirgin, ya saka a shafinsa, ya rubuta a ƙasa: "Ni da tawa."

Kafin yamma mai murhu ya miƙa wa Okoth waya. "Malam, ga Kyaftin ɗinka ta samu jirgi mai fiffike."

Okoth ya daɗe yana kallon hoton. Ya dubi hannayensa da tabon ƙuna ya cika, ya dubi farar rigar Muriuki. Ya kashe injin walda.

Saƙonni suka ci gaba da zuwa.

"Saura kwana 12! Yau sun nuna saukar jirgi cikin hadari, zuciyata kamar ta fito!"

"Saura 11. Injiniyana, lafiya?"

"Saura 10. Okoth, ka amsa min mana."

A rana ta huɗu ya rubuta: "Aikinki zai iso gida kafin ranar. Allah ya sanya alheri ke da matuƙinki."

Ko awa ɗaya ba a yi ba ta diro daga matatu, jakar makaranta a kafaɗa, alli a gefen siket.

"Wane matuƙi?"

"Na ga hoto, Wanjira."

"Ka ga hoto, sai ka yanke hukunci? Baki gare ka, ba ka iya tambaya ba?"

"Me zan tambaya? Shi ya kai ki sama da gaske. Ni ƙarfen bola nake haɗa miki."

"Ya kai ni sama ya buge min hannu!" "Ya ce in zauna in yi kyau. Kai kuwa sau uku kana warware feda don ƙafata ta ji daidai. Kana tsammani ban lura ba? Ni mai ɗauka ta kamar kaya ba shi nake nema ba."

Duk layin ya yi tsit, har masu buga guduma sun dakata.

"Ka ji ko, sakarai," in ji mai murhu. "Ba ta haƙuri mu koma aiki."

Okoth ya share hannunsa a jikin riga ya kama nata. "Na yi wauta, Jaber. Tsoro ne ya kama ni."

"To ka daina. Saura kwana tara, ba mu da lokacin tsoro."

Ranar ta faɗa wa mahaifinta a fili cewa ita ba ta son Muriuki. Kwana biyu Mzee Kinuthia bai yi mata magana ba. A na uku ya sa kwat ɗinsa, ya ce zai je ya ja wa yaron nan kunne da kansa.

Ya isa rumfar fuska a murtuke. "Kai ne Okoth?"

"Ni ne, Baba. Sannu da zuwa." Okoth ya jawo masa benci.

Tsohon bai zauna ba. Idonsa ya sauka a kan kujerar, an yi mata fenti ruwan toka, tana ƙyalli. Ya zaga ta. Ya shafa wurin haɗin da babban yatsa, ya duƙa ya leƙa ƙasa, sannan ya danna feda da hannu.

"Wa ya koya maka wannan haɗin?"

"Babu kowa, Baba. Zane na duba, na yi ta gwadawa."

"Sifirin ɗin dama ya fi na hagu tauri. Jirgi zai riƙa karkata."

"Na lura, Baba. Na rasa yadda zan daidaita su."

"Ba ni sifana mai lamba goma."

Ya tuɓe kwat ya rataye. Awa uku suka yi, suna musu, suna kwancewa suna ɗaurewa. Da zai tafi, hannu duk baƙin mai, ya tsaya a bakin rumfa.

"Ban ce na yarda da komai ba. Waldarka dai tana da tsabta. Ranar Asabar ka kawo da wuri, ni zan duba ɗaurin."

Asabar ta zo. Tun da sassafe Okoth ya kawo kujerar aka kafa ta a falo, aka jera sikirin uku. Ƙarfe tara daidai aka saki gem ɗin, Wanjira ta danna saukewa tana tsalle.

Sai jira. Layin da ke nuna saukar yana tafiya kamar hawainiya. Wayarta ba ta huta ba, abokan gem ɗinta na Mombasa da Nakuru kowa na faɗin inda nasa ya kai.

"Sittin da biyu cikin ɗari! Mama, kar ki kunna dutsen guga, kar wuta ta ɗauke!"

"Yau na ga ikon Allah," in ji mahaifiyarta. "Gidana ya zama filin jirgi."

An ci abincin rana, Wanjira ko loma uku ba ta yi ba. Mzee Kinuthia, wanda ya ce shi jarida kawai yake karantawa, sau biyar yana tambayar nawa ya rage.

Wajen ƙarfe uku layin ya cika. Wanjira ta yi ƙara har karen maƙwabta ya amsa. Ta zauna, ta ɗora ƙafa a kan feda. Ga titin jirgi a gabanta, ga hasken yamma irin wanda ke shigowa ta tagarsu.

"Duba mai tukuna," in ji tsohon, ya riga ya jefar da jaridar. "Yauwa. Saki birki."

Injin ya yi ruri, titi ya soma gudu, ta ja sitiyari, birni ya koma ƙasa.

"Ga unguwarmu! Mama, ga rufin cocinmu!"

Ta juya hancin jirgin yamma. Suka ƙetare kwari, suka wuce gonakin shayi, har ruwa ya bayyana, shuɗi, ba iyaka.

"Injiniyana, ina ne gida?"

Okoth ya matso, murya ƙasa ƙasa. "Wancan tsibirin, Rusinga. Bi ta bayan dutsen." Ta sauko da jirgin. "Tsaya, tsaya! Ga bishiyar mangwaron! Wancan jan rufin ɗakin mahaifiyata ne. Shekara biyu rabona da shi."

Ya share ido da bayan hannu. Sannan ya durƙusa a gefen kujerar.

"Jaber, ina so in kai ki gidan nan da ƙafa, ki gaishe ta. Za ki aure ni?"

"Okoth, tuƙi fa nake!" Tana dariya tana kuka, jirgin na tangaɗi. "E! E mana!"

"Daidaita fiffike, za ki jefa mu a ruwa!" Mzee Kinuthia ya daka tsawa. Ya yi gyaran murya, ya dubi Okoth. "Kai kuma tashi. Ba a falo ake neman aure ba. Turo manyanka."

Bayan wata huɗu manyan Okoth suka zo daga Rusinga da awaki da kifi busasshe. Aka fito da 'yan mata bakwai lulluɓe da zannuwa tun daga kai har ƙafa, aka ce ango ya nuna tasa, in ya kuskure a ci shi tara. Bai ko kai ƙarshen layin ba, ta uku ta kasa riƙe dariya, zanen sai girgiza yake, ya nuna ta, ashe kuwa Wanjira ce. Guɗa ta tashi.

A coci aka ɗaura aure, dangin tafki da dangin tudu suka cakuɗe a filin rawa har ba a gane na wani. Da aka miƙa wa Mzee Kinuthia makirufo ya daɗe yana kallon su biyun.

"Na so in zaɓa mata, ta fi ni ido," ya ce. "Okoth, ɗana, ga ta nan. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu."

Mahaifiyar Okoth ta rungume amarya tana sa mata albarka da yarensu. Wanjira ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta amsa da amin tun daga farko har ƙarshe.