Ƙirjin Aro

"Auta, ɗauko jakarki mu tafi!"

"Ina kan aiki fa."

"Aikin me? Awon ciki da rabon ƙwayoyi? Ai a birni ma ana yi!"

Auta ta dire bokitin zannuwan gado a barandar ɗan asibitin, ta dubi Injiniya, saurayin da aka sa musu rana. Tun safe ya taso, farar rigarsa ta sha guga, takalminsa ya sha taɓo.

Makarantar koyon aikin ungozoma ce ta turo ta wannan ƙauye, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudun bayan tankin ruwa. In ta tafi kafin Babbar Sista ta sallame ta, karatun ya zube.

"Hajiyata ta ce ba za a ɗaga ranar ba," in ji shi. "Ummanki ma kuka take, wai kin fifita bare a kan dangi."

"Saura kaɗan in gama, Nawa..."

"Kar ki ce min Nawa! In kina sona, ga mota. In ba haka ba, in koma in ce a fasa."

Tana sonsa, har dariyarsa takan jiyo a kunne in tana wanke kayan aiki. Ana cewa in so ya zo komai sai ya kauce masa. Ba a dai taɓa tambayar abin da aka ture ko ya ji ciwo ba.

Kafin ta buɗe baki sama ta ɓarke da ruwa, muryar Sista kuma ta ratso ƙarar kwano.

"Ɗaliba! Wanko hannu, maza!"

Wata mai ciki ce da Auta ke yi wa awo, naƙuda ta kama ta tun watanta bai kama ba. Uwar mijinta ce ta kawo ta, wata tsohuwa mai tari ba ƙaƙƙautawa. Mijin yana gona, bai ma sani ba.

Jaririya ta faɗo, 'yar mitsitsiya, shiru.

"Goge ta! Murza bayanta!"

Auta ta murza. Shiru. Ta kafa mata 'yar robar hura iska a hanci da baki, ta matsa, ta sake matsawa. Ɗan ƙirjin ya ɗaga. Sai ga wani siririn kuka kamar na ɗan kyanwa.

Ba a gama hamdala ba jini ya ɓalle wa uwar.

"Hannuwanki biyu nake so a nan," in ji Sista.

"Jaririyar fa? Ƙafafunta sun yi sanyi!"

Babu kwalbar saka bakwaini a asibitin. Rafi ya cika, hanya ta yanke. Tsohuwa kuwa da wannan tari ba ta isa a ba ta jaririyar ba.

Auta ta leƙa baranda, ta dubi Injiniya.

"Wanke hannu, ga sabulu can. Ka cire rigarka."

"Na'am?"

"Har singileti! Shigo ka zauna a kujerar nan!"

"Auta, a gaban mutane?"

"La'ilaha!" Tsohuwa ta dafe ƙirji. "'Yar nan, namiji ai ba ya taɓa ɗanyen jariri!"

Tsohuwar magana ce, kowa ya gaje ta. Sai dai sanyi in ya zo ɗaukar jariri ba ya tambayar ƙirjin wa ya hana shi.

"Kaka, yau dai zai taɓa."

Ta kwantar da jaririyar a tsaye a tsakiyar ƙirjinsa, fata da fata, ta juya kanta gefe, ta sa mata hula, ta naɗe su da zane ta ɗaure.

"Ɗumin jikinka ne kwalbarta. Kar ka toshe mata hanci. In ta daina motsi, ƙwala min kira."

"Auta... zan karya ta!"

"Ba za ka karya ba."

Ta koma ciki. Sista na allura da ƙarin ruwa, ita tana murza marar matar da dukan ƙarfinta, tana kiran sunan Allah a zuci. Kafaɗunta suka yi tsami. Can ta ji mahaifar da ta saki ta dunƙule a ƙarƙashin tafinta, ta yi tauri. Jinin ya ja baya, ya tsaya.

Matar ta buɗe ido. "Ina 'yata?"

"Tana hannu nagari," in ji Sista, tana murmushi.

Da Auta ta fito, ruwa ya ɗauke, rana ta shigo ta taga ta sauka a kansu. Injiniya na zaune kamar an dasa shi. Mutumin da ko layin mai ba ya iya jira, ga shi ko numfashi da lissafi yake ja. Hawaye ya jiƙa masa gemu.

"Auta," ya ce da raɗa, "zuciyarta na bugawa a kan tawa. Da sauri, kamar ta tsuntsu..."

Ta zura hannu cikin zanen. Ƙafafun da ta bari da sanyi sun yi ɗumi, sun yi ja. Ɗan hannu wanda bai kai babban yatsansa ba ya damƙe gashin ƙirjinsa. Ta karanta wannan a littafi, ta amsa shi a jarrabawa, amma sai yau ta ga rai ya jingina da rai ya miƙe.

"Kullum haka kike yi?"

"A'a. Yawanci awon ciki ne da rabon ƙwayoyi."

Ya so ya yi dariya, ya tuna da jaririyar, ya danne.

Tsohuwa ta leƙo daga bakin ƙofa. "'Yar nan, wannan miji in ba kya so, ni ina ciki."

"Kaka, ki fara warkar da tarin tukuna!"

Da aka mayar da jaririyar ƙirjin uwarta, Injiniya ya daɗe tsaye riƙe da rigarsa.

"A ina waya ke kamawa?"

"Tudun bayan tanki. Me za ka ce musu?"

"A ɗaga ranar. Hajiya za ta yi faɗa, in sha. Umma kuma da kaina zan je in durƙusa in faɗa mata abin da idona ya gani." Ya kalli hannuwanta. "Ki gama, Tawa. Ki gama ki zo min da hannuwan nan."

"Nawa..."

"Ɗaliba!" Sista ta ƙwala. "Masu awo sun taru!"

Auta ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki ma'auni. A bakin ƙofa ta waiga. Yana can kan tudu cikin taɓo, rigar a baibai, waya a kunne, ɗaya hannun kuma har yanzu dafe da tsakiyar ƙirjinsa.